Allurar da ba ta ɗauke da magani: tambayoyi da amsoshi kan akufanca mai sanyin hannu da danginta

Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibiti ya san akwai malamar jinya mai zafin hannu, akwai mai sanyin hannu. Allura ɗaya ce, magani ɗaya, amma wata in ta yi maka sai ka wuni kana ɗingishi, wata kuwa kana cikin rintse ido za ka ji ta ce an gama. A ƙasar Japan akwai mutanen da suka mayar da wannan sanyin hannun sana'a, sun fi shekara 300 suna koyar da ita, kuma da yawa daga manyan malamansu makafi ne. Tambayoyin da ke ƙasa a kansu suke, da kuma sauran hanyoyin jinya na gabashin Asiya da ke tafiya tare da allurar.

Mece ce akufanca?

Hanyar jinya ce da ta samo asali daga ƙasar Sin, inda ake tsira siraran allurai a wasu keɓaɓɓun wurare na jiki, a bar su na ɗan lokaci, sannan a zare. Allurar ba ta da rami a ciki irin na allurar asibiti. Ba ta zuba komai a jiki, ba ta zuƙo komai. Sinawa na kiran fannin zhenjiu, kalmar da ta haɗa abu biyu, wato allura da gashi da wutar ganye. Tun asali tare suke tafiya, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

To in babu magani a ciki, don me ake sokawa?

Amsar kashi biyu ce, kuma bai kamata a cakuɗa su ba.

Tsofaffin littattafan Sin sun ce akwai wani ƙarfi da ke zagayawa a jiki, suna rubuta shi qi, Japanawa kuma su ce ki. Yana bin wasu hanyoyi kamar yadda ruwa ke bin magudanai a lambu: manya guda 12, da wasu biyu da suka bi tsakiyar gaba da tsakiyar baya. A kan waɗannan hanyoyi 14 ne aka jera mahuda 361, wato wuraren da ake tsira allurar, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunayensu. A wannan fahimtar, ciwo na zuwa ne in ruwan ya taru a wani fangali ya bar wani a bushe, mai allura kuma kamar mai ban-ruwa yake, ya buɗe nan ya toshe can.

Masu binciken sassan jiki ba su ga waɗannan magudanai ba, ko da madubin likita. Abin da suka gani shi ne allurar na taɓa ƙananan jijiyoyi, saƙo ya tafi laka da ƙwaƙwalwa, jiki ya saki sinadaransa na rage zafi, irin su endofin. A 1976 Bruce Pomeranz na Jami'ar Toronto ya nuna cewa in aka ba ɓera maganin da ke toshe aikin waɗannan sinadarai, allurar sai ta daina rage masa zafi. Han Jisheng ma ya shafe shekaru yana irin wannan bincike a Beijin. Mutum na iya ɗaukar magudanan a matsayin taswirar da magabata suka zana don koyarwa, ba lallai ya yarda jijiyoyi ne na zahiri ba.

Tun yaushe ake yin ta?

Za ka ji ana cewa shekara 5000, amma rubuce-rubucen da ke hannu ba su kai can ba. A wani kabari da ke Mawangdui a ƙasar Sin, wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an samu rubutu a kan siliki da ke bayanin magudanai da gashi da wuta, amma babu batun allura. Littafin da ya fara shimfiɗa tsarin allurar shi ne Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa wajen ƙarni na biyu zuwa na ɗaya kafin miladiyya. A 1027 wani likitan fada, Wang Weiyi, ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla mai ramuka a kowace mahuda. An ruwaito cewa ranar jarrabawa sai a shafe shi da kakin zuma, a cika shi da ruwa. Ɗalibi in ya soka daidai, ruwa ya ɗigo.

Ba kullum take da daraja a gida ba. A 1822 sarkin Sin ya hana koyar da ita a makarantar likitocin fada, sai a shekarun 1950 gwamnatin Mao ta farfaɗo da ita. Amurkawa kuwa sun waye da ita a 1971, lokacin da ɗan jarida James Reston ya kwanta a Beijin aka cire masa afendis, ya rubuta yadda aka rage masa ciwon bayan tiyata da allura. Tiyatar kanta da maganin kashe zafi na asibiti aka yi ta. A 2010 UNESCO ta sa allurar da gashinta cikin jerin al'adun gado na duniya.

Me ya sa ake cewa ta Japan ta fi sauƙi?

Sana'ar ta shiga Japan a ƙarni na 6 ta hanyar Koriya, amma wanda ya sauya mata kama shi ne Sugiyama Waichi, wanda ya rasu a 1694. Tun yana yaro ya makance. Ya je birnin Edo, wato Tokyo ta yau, don koyon allura, malaminsa ya sallame shi saboda hannunsa bai faɗa ba. Japanawa na ba da labarin cewa a tsibirin Enoshima ya yi tuntuɓe da dutse ya faɗi, hannunsa ya dafa wani ɗan bututun gora da tsinken ganye a ciki, daga nan dabara ta zo masa. Ko ma yaya aka yi, shi ake jingina wa bututun jagora: ɗan siririn bututu da ake zura allurar a ciki, a dafa bakinsa a fata, a ɗan ƙwanƙwasa kan allurar da yatsa. Kafin fata ta ankara, tsinin ya wuce.

Bututun nan ya warware matsala biyu. Makaho ya samu hanyar dasa allura daidai inda yatsansa ya gano. Sannan an samu damar amfani da allura siririya ƙwarai, wadda da hannu kawai aka tura ta lanƙwashewa za ta yi. Allurar Japan ta yau kaurinta kan kama daga milimita 0.12 zuwa 0.20, ta Sin galibi 0.25 zuwa 0.30, yayin da allurar ɗibar jini ta asibiti ta kai kusan 0.8.

Sugiyama ya yi wa shugaban ƙasar na lokacin, Tokugawa Tsunayoshi, jinya. Ana cewa da aka tambaye shi tukwicin da yake so sai ya ce ido ɗaya, shugaban kuma ya ba shi fili a wata unguwa mai suna Hitotsume, ma'ana ido ɗaya. Sugiyama ya buɗe makarantar koya wa makafi allura da tausa kusan shekara 100 kafin a buɗe makarantar makafi ta Faris. Har gobe makafi na zama jarrabawar ƙasa su karɓi lasisi a wannan fanni bayan karatun aƙalla shekara uku, kuma akwai jami'a a Tsukuba da ke koya musu. Duk sanda na tuna wannan, sai makafin da ke zaune a bakin masallatanmu da ƙoƙon bara su faɗo mini a rai, in ji takaicin irin hannayen da muke bari suna tafiya a banza.

Tunda malaman ba sa gani, sai salon ya koma na taɓawa. Likitan Sin zai duba harshenka da launin fuskarka. Na Japan ya fi dogara da abin da yatsunsa suka ji a fata da ciki.

Yaya zaman jinyar yake?

Bayan tambayoyi kan barci da cin abinci da bayan gida da inda ke ciwo, sai ka kwanta rigingine. Mai allurar zai ɗora yatsu uku a kowane wuyan hannu, ya danna a hankali, ya sassauta, ya sake dannawa. Daga nan ya koma ciki, wanda Japanawa ke kira hara, yana shafawa da tafin hannu yana neman inda ya yi sanyi, inda ya ɗaure, inda ya lotsa. Sai ya bi ƙwauri ko damtse da kan yatsa har ya tsaya a wani ɗan gurbi. Babban yatsa da manuni na hannun hagu su haɗu a wurin kamar mai riƙe da ƙwayar gero, su ne ke tallafe bututun. Kan allurar na leƙowa sama da bututun da 'yan milimita. Ƙwas, ƙwas, sau biyu ko uku, ya zare bututun. Sau da yawa zurfin bai wuce milimita ɗaya zuwa biyar ba. Wani ya bar ta minti 10 zuwa 20, wani ya zare nan take ya toshe wurin da yatsa, ya koma wuyan hannu ya ji ko bugun ya sauya.

Da zafi?

A salon Sin ana neman abin da suke kira deqi. Ana juya allurar har ka ji nauyi, ko tsami, ko wani abu ya ɗan ja kamar lantarki. Wasu na son wannan, suna ganin alamar aiki ce. A salon Japan ba a nemansa a jikinka, mai allurar ne ke cewa yana ji a yatsunsa. Abin da za ka ji bai fi cizon sauro ba, wani lokaci sai an gaya maka an sa. Tafin hannu, tafin ƙafa da kan yatsu sun fi jin ta. Zafi mai kaifi da ya ƙi tafiya ba ya cikin aikin, ka faɗa a zare.

An ce akwai wadda ba a huda fata sam. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Akwai wani ɗan ƙarfe mai dakusasshen baki, na azurfa ko zinare ko tagulla, sunansa teishin, wanda ake ɗorawa a fata kawai. Ƙungiyar Toyohari, da wani makaho Fukushima Kodo ya kafa a 1959, ta shahara da irin wannan, har allura mai tsini sukan riƙe ta a saman fata ba tare da ta shiga ba.

Na yara kuma shi ne shonishin, wanda ya yi ƙarfi a yankin Osaka. Ana shafa bayan yaro da hannayensa da wasu 'yan ƙarafa masu santsi, ana ɗan bubbugawa, cikin minti biyar zuwa goma an gama, sau da yawa yana kan cinyar uwarsa. Iyaye na kai yara saboda kukan dare, rigima da fitsarin kwance. Manyan gwaje-gwaje ba su tabbatar da amfaninsa ba, kuma yaron da ke zazzaɓi ko gudawa ko numfashi sama-sama asibiti ne wurinsa, ba tare da jinkiri ba.

Hayaƙin da ake gani yana tashi a jikin mutum fa, na mene ne?

Moksa ke nan, daga kalmar Japan mogusa. Ganyen wani tsiro ne ɗan uwan tazargade. Ana shanya shi, a ajiye ya kwana biyu, a daka, a yi ta tankaɗewa har sai abin da ya rage ya zama kamar auduga mai ruwan ƙwai. Tsaunin Ibuki da ke Japan ya yi suna da shi.

Mai aikin Japan kan murza ɗan kaɗan tsakanin yatsu biyu ya zama kamar rabin ƙwayar shinkafa, wani ma kamar zare. Ya ɗiga ɗan man shafawa a fata, ya tsayar da shi a kai, ya kunna da bakin turaren tsinke. Wutar na gangarowa, kafin ta taɓa fata ya matse ta da yatsu. Abin da za ka ji ɗan tsinin ɗumi ne na daƙiƙa ɗaya. A Sin an fi amfani da wanda aka naɗe kamar ƙatuwar sigari, a riƙe shi nesa da fata, ko a ɗora curi a kan yankan citta.

Kada a haɗa shi da sakiya ko lalas, inda ƙarfe mai zafi ke cin nama. Amma akwai tsohon salon moksa da ake barin wutar ta ƙona da gangan har ta bar tabo, don haka ka tambaya tun farko wanne za a yi maka. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin zafi ya nisanci kowane iri, haka mai asma saboda hayaƙin.

Wani abin da ya ja hankalin likitocin haihuwa shi ne gashin gefen ƙaramin yatsan ƙafa don jaririn da ya zauna da ɗuwawu ya juya. Wani gwaji da aka yi a lardin Jiangxi na ƙasar Sin da mata 260, aka buga a 1998, ya samu jarirai sun fi juyawa a cikin waɗanda aka gasa. Gwaje-gwajen baya ba duka suka samu haka ba. Ba abin da mai ciki za ta yi a ɗaki ba ne ba tare da hoton ciki da sanin ungozomar asibiti ba.

Ƙahon Sinawa da na wanzamanmu ɗaya ne?

Dabarar ɗaya ce, a janye iska fata ta taso. Wanzami na tsotsa da baki ta tsinin ƙaho ya liƙe, ya tsattsaga da aska, ya mayar ya ja jini. Basine kan zura wuta cikin kofin gilashi ko na gora ya kifa da sauri, ko ya yi amfani da famfo, kuma mafi yawan lokaci ba ya tsagawa. Irinsa ne shatar da aka gani a kafaɗar ɗan wasan ninƙaya Michael Phelps a gasar Rio ta 2016. Baƙin shatar jini ne da ya tsattsafo daga ƙananan jijiyoyi ya kwanta a ƙarƙashin fata, ba dafi ba ne da ya fito. Yakan baje cikin mako ɗaya ko biyu. In da tsaga, ka'idar ɗaya ce ko a Kano ko a Shanghai: sabuwar reza ga kowane mutum.

Tausa fa?

Sinawa na da tuina, Japanawa na da anma da kuma shiyatsu, wadda ake danna jiki da babban yatsa da tafin hannu a kan tufafi, ba mai. Namikoshi Tokujiro ya buɗe makarantarta a Tokyo a 1940. Akwai kuma guasha, kankare fata da abu mai santsi har ta yi ja. Wanda ba ya son allura sam, daga shiyatsu ya fi dacewa ya fara.

Tsakani da Allah, abin yana aiki?

Ga ciwon da ya daɗe, e, amma ba kamar yadda masu talla ke faɗa ba.

A Jamus an yi wani babban gwaji da masu ciwon baya 1,162, aka buga sakamakon a 2007. An raba su uku. Kashi na farko aka yi musu allura bisa ƙa'idar Sin, na biyu aka tsira musu sama-sama a wuraren da ba mahuda ba, na uku aka ba su kulawar da aka saba ta magunguna da motsa jiki. Bayan wata shida, waɗanda suka samu sauƙi sun kai kashi 47.6 cikin ɗari a rukunin farko, 44.2 a na biyu, 27.4 a na uku. A Amurka ma an yi wani da mutum 638, aka buga a 2009, inda aka sa tsinken sakace cikin bututu ana dannawa a bayan wasu ba tare da huda ba, kuma suka samu sauƙi daidai da waɗanda aka yi wa ta gaske.

Da aka tattara bayanan mutum 20,827 daga gwaje-gwaje 39 a 2018, an samu ta gaske ta ɗara ta kwaikwayo, amma da kaɗan, ta kuma fi rashin yin komai da tazara mai kyau a ciwon baya da wuya, ciwon gwiwa, ciwon kafaɗa da ciwon kai mai dawowa. Akwai kuma shaida kan tashin zuciya bayan tiyata, ta wata mahuda da ke cikin hannu, faɗin yatsu uku sama da wuyan hannu.

Hukumomi ma ba bakinsu ɗaya ba. Inshorar gwamnatin Jamus na biyan kuɗinta ga ciwon baya da na gwiwa. Inshorar tsofaffi ta Amurka ta fara biya a 2020 ga daɗaɗɗen ciwon baya. Hukumar da ke tsara jinya a Ingila ta cire ta daga maganin ciwon baya a 2016, ta kuma amince da ita a 2021 ga ciwon da ya daɗe ba a gano sanadinsa ba.

In ta kwaikwayo ma na aiki, ashe ba yaudara ba ce?

Masu suka na cewa abin da ke aiki shi ne sa rai, da kwanciya shiru, da samun wanda ya saurare ka ya taɓa inda ke maka ciwo. Suna da hujja. Har wani nazari na 1998 ya lura cewa gwaje-gwajen akufanca da ya duba daga Sin da Japan da Taiwan da Hong Kong duk nasara suka bayar, abin da ke nuna waɗanda suka gaza ba sa kaiwa ga bugawa. Masu goyon baya kuma na cewa taɓa fata da tsinke ba rashin yin komai ba ne, ai shi ne abin da makafin Japan suka daɗe suna yi.

Abin da na ɗauka daga wannan jayayya mai amfani ne ga majinyaci. Tunda zurfi da ainihin wurin ba su ne ke kawo yawancin sauƙin ba, babu dalilin da zai sa tsohuwa mai ciwon gwiwa ta jure a yi ta murza mata doguwar allura tana cije leɓe. Mai sauƙin ta wadatar, kuma ta fi nisa da huhu da manyan jijiyoyi. Ga wanda ya shekara yana haɗiyar diklofenak har gyambon ciki ya kama shi ko ƙoda ta fara gajiya, ko matashin da ciwon baya ya kai shi ga tiramol, ɗan sauƙin da ba ya taɓa ciki ba abin rainawa ba ne.

Tana maganin rashin haihuwa, hawan jini, suga ko shanyewar ɓarin jiki?

A nan ne ake cutar mutane. Wani gwaji a Ostareliya da Niyu Zilan da mata 848 masu neman haihuwa ta hanyar dashen ƙwai a asibiti, wanda aka buga a 2018, ya samu haihuwa kusan daidai tsakanin ta gaske da ta kwaikwayo, wajen kashi 18 cikin ɗari kowanne. Ba ta maye gurbin maganin hawan jini ko insulin, ba ta kashe ƙwayar cuta, ba ta narkar da ciwon daji, ba ta sauya jinin mai sikila. A asibitocin Sin ana yi wa masu shanyewar ɓarin jiki, amma tare da gashin ƙashi, bayan an wuce matakin gaggawa. Wanda bakinsa ya karkace ko hannunsa ya saki yanzu, awannin farko na asibiti ne. Duk wanda ya ce ka ajiye maganinka saboda allurarsa, tashi ka bar wurin.

Wane haɗari ke ciki?

A hannun ƙwararre kaɗan ne. Wani bincike a Jamus da ya bi mutum 229,230 ya samu kashi 8.6 cikin ɗari sun gamu da wata matsala, mafi yawa ɗigon jini ko ɗan kumburi, mutum biyu kuma allura ta taɓa musu huhu. Wannan na huhu shi ne abin tsoro, yakan faru in an zurfafa a ƙirji, saman kafaɗa ko tsakanin haƙarƙari, musamman ga siririn mutum. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi bayan zama na nufin asibiti nan take. A 2011 likitoci a Seoul sun ciro allura mai kusan santimita 7 daga huhun tsohon shugaban Koriya ta Kudu, Roh Tae-woo.

Na biyu shi ne maimaita allura, wanda ke yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. A buɗe sabuwa a gabanka, a jefa ta a kwandon allurai bayan an gama. Mai ciki ta faɗa tun a bakin ƙofa, don akwai wuraren da ake kauce wa. Haka mai shan maganin tsinka jini, da wanda aka dasa wa na'urar bugun zuciya in za a haɗa allurar da lantarki.

Magungunansu na ganye fa, tunda na gargajiya ne ai ba illa?

Wannan zato ya kai mutane ga wankin ƙoda. A farkon shekarun 1990 mata sama da 100 a Beljiyam suka samu lalacewar ƙoda bayan shan haɗin rage ƙiba da aka sa wa wani tsiro, Aristolochia, a madadin wani mai kama da suna. Amurka ta hana sayar da kayan ƙarin kuzari masu ɗauke da tsiron mahuang a 2004 saboda bugun zuciya da shanyewar jiki. Saiwar gancao mai zaƙi, wadda ke cikin haɗe-haɗe da yawa, na iya tayar da hawan jini.

A Japan, maganin gargajiya da suke kira kampo likitocin asibiti ne ke rubuta shi, kuma inshorar ƙasa na biyan nau'i 148 da aka auna aka daidaita. Mu kanmu muna cin moriyar ganyen Sin kullum. Tu Youyou ta karanta a wani littafin ƙarni na 4 cewa a jiƙa ganyen qinghao a matse, ba a dafa ba, ta gane zafi ne ke lalata sinadarin, ta tace shi da ƙaramin zafi. Daga nan aka samu atemisinin, tushen maganin maleriyar da ake ba mu a yau, ta kuma samu kyautar Nobel a 2015. Amma sai da aka tace, aka auna, aka gwada. Shayin ganyen ba ya tsayawa a madadin ƙwayar.

Musulmi zai iya yi? Azumi fa?

Allurar kanta ba ta buƙatar karanta wani abu ko kiran wani, kuma likitoci mabiya addinai daban-daban na yin ta a matsayin aikin jijiyoyi. Bayanin qi ya taso ne daga falsafar Sin ta dā, ba sharaɗi ba ne ka yi imani da shi. Hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari ya ambaci waraka a zuma da ƙaho da lalas da wuta, tare da hani ga lalas, don haka mai tambaya kan moksa ya bayyana wa malami ko mai ƙona fata ce ko mai ɗumamawa kawai. Batun azumi ma a kai wa malami da cikakken bayani, cewa babu abin da ke shiga jiki ta allurar. Ta fuskar lafiya, bayan buɗa-baki ya fi, domin jiri da suma sun fi kama wanda cikinsa ba komai.

Mace na da damar neman mace ta yi mata. Mahuda da yawa na ƙasa da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, ana iya aiki ba tare da an tuɓe ba.

Zama nawa ake yi?

Yawancin gwaje-gwajen sun yi zama 6 zuwa 15, sau ɗaya ko biyu a mako. Ƙa'idar Ingila kan ciwon kai ta ce har zama 10 cikin mako biyar zuwa takwas. Kafin ka fara, rubuta abin da ciwon ya hana ka: ruku'u, hawa bene, barcin dare. In an yi biyar ko shida babu ɗaya da ya motsa, kada ka ci gaba da zuba kuɗi.

Ana samunta a ƙasashenmu, kuma ta yaya zan gane na kirki?

Sin ta fara tura tawagar likitoci Afirka a 1963, zuwa Aljeriya, kuma Nijar ta fara karɓar irin wannan tawaga a 1976. Ta wannan hanya mutane da yawa suka fara ganin allurar, kuma salon Sin ne. Salon Japan ya fi wuyar samu, amma kowane mai allura na iya rage zurfi da yawa in ka nema.

Ka tambaye shi inda ya yi karatu, shekara nawa, da hukumar da ta yi masa rajista. Kwas na mako biyu ba ya koya wa mutum inda huhu ya tsaya. Na kirki zai tambayi abin da asibiti suka ce da magungunan da kake sha, zai wanke hannu, zai mayar da kai wurin likita in ya ji ciwon bayan ya zo da zazzaɓi, rama, ko kasa riƙe fitsari. Ka lura da wanda ke ɗora hannunka a wata na'ura ya karanto maka cuta goma, sannan ya jawo kwalaben sayarwa.

Ni dai tsoron allura nake ji tun ina yaro. Ta ina zan fara?

Ka faɗa wa mai allurar haka kafin ka hau gado. Ka ci wani abu mara nauyi awa ɗaya ko biyu kafin ka je, ka sa tufafi masu yalwa da za a iya naɗewa zuwa gwiwa. Ka nemi a yi zaman farko a kwance, ba a zaune ba, a fara da dannawa da yatsa ko da teishin in yana da shi. In ka natsu, a gwada guda ɗaya mafi siranta a damtse ko ƙwauri, ka fitar da numfashi daidai lokacin da zai ƙwanƙwasa. Huɗu ko biyar sun isa a ranar farko. Ku ƙirga su tare lokacin sawa, ku sake ƙirgawa lokacin zarewa, sannan ka zauna a bakin gadon minti biyu kafin ka miƙe.